Memorin Dada

Tun da na dawo daga Yola ban samu sakat a majalisa ba. Wannan ya ce yaya zafin garin, wancan ya ce da gaske ne kifinsu ya fi namu. Alhaji Sabo mai roba kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai me ya kai ɗan kasuwa rufe shago kwana shida a kan abin da bai kai farcen yatsa ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, ku karanta ku ƙyale ni in sha shayina.

Mahaifiyata Aminatu, wadda muke kira Dada, Bafulatanar Yola ce. Aure ya kawo ta Kano, a nan ta haife mu, muka tashi ba wanda ya iya Fulatanci a cikinmu. Tana da wa guda ɗaya, Kawu Buba, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara ashirin da shida ba su yi magana ba. Iyakar abin da na sani shi ne, da mahaifiyarsu ta rasu bai aiko mata ba sai bayan kwana bakwai. Ta je, ta faɗi abin da ta faɗa a gaban mutane, ta dawo, ba ta sake taka garin ba. Mu yara ba ma tambaya, da muka girma ma ba mu tambaya ba.

Bara ta kira ni ta ce in sayo mata memori in sa mata a ƙaramar wayarta, in nuna mata inda ake danna ɗaukar murya. Ta ce da can, kafin abin ya faru, da kaset suke aika wa juna saƙo, kuma ta ji an ce Kawu kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin waya, sai rediyonsa mai cin memori da yake kangawa a kunne. Na sayo mata a bakin kasuwa, wurin wani mai tebur, an rubuta giga sittin da huɗu a jiki. Takan rufe ɗaki ta yi ta magana ita kaɗai. Sau tara ta yi haka cikin wata biyu, sannan ta sa aka cire memorin, ta ƙulle shi a bakin hankici ta ba ni. Ta ce in kai wa Kawu hannu da hannu, kada kowa ya saurara. Na ce to, na jefa a aljihun tebur, kasuwa ta ɗauke mini hankali. Ina ta cewa bayan salla, har ranar da Dada ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana gane kowa, amma ko sunan Allah sai dai a zuci. Duk sanda na shiga gaishe ta sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna gabas. Abin da ya tayar da ni ke nan. Maganar da ta rage wa Dada a duniya tana cikin hankicin nan.

Na shiga mota da asuba, irin doguwar nan da ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Kusa da ni wata mata ce mai ƙiba da tabarau, ta rungume kwali a cinya kamar jariri. Direba ya yi ya yi ta bari a sa a but, ta ce sai dai a sa shi a but ɗin. Kafin mu kai Birnin Kudu na san sunanta Madam Rifkatu, 'yar Numan ce, gyaran waya da kwamfuta take yi a Jimeta, kwalin kuma gilasan waya ne ta saro a Kano. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne. Tana ba ni labarin 'yarta tana cewa ya gama makaranta, ya yi aure, ya haihu, ni kuwa ina ta neman inda ɗa namijin ya shigo.

Daga Darazo zuwa Gwambe ba abin faɗa, sai dai tayar baya ta yi faci kusa da Dukku muka tsaya a rana muna ba direba shawarar da bai nema ba. A Gwambe muka ci abinci. Bayan Kaltungo hanya ta fara duwatsu da ramuka, har muka wuce Cham, inda aka ce mini daga nan mun shiga Adamawa. Ba wani abu ya nuna mini haka ba sai shingen jami'an tsaro, inda aka ce kowa ya fito da jakarsa. Wanda ya caje ni ya laluba aljihun gaba ya ji ƙulli, ya ce mene ne wannan, laya ce? Na ce saƙo ne. Ya ce in kwance. Na kwance da haƙori, don Dada in ta ƙulla abu ta ƙulla ke nan. Ya ga memori, ya yi dariya, ya ce in wuce. Madam Rifkatu da ke bayana ta leƙo ta karanta abin da ke jiki.

"Sittin da huɗu? Alhaji, a ina ka saya?"

Na ce a Kano mana. Ta ce hmm. Ni kuma wannan hmm ɗin ya ba ni haushi. Shekara ashirin ina sayar da takalma, daga nesa nake gane fata da roba, yanzu wata za ta yi mini hmm a kan saye? Na ƙulle hankicina na mayar aljihu. Da muka tsaya a Numan ta sayo soyayyen kifi ta miƙo mini rabi, haushin ya tafi. Kafin mu rabu a tasha ta kwatanta mini shagonta, ta ce ko gilashin wayata ya fashe.

Abu na farko da na koya shi ne, inda mota ta sauke ni ba Yola ba ne. Na kira gida na ce na iso Yola, wani mai keke da ke jira na ya ce a'a Alhaji, nan Jimeta ne, Yola yana gaba. Mu a nan duk Yola muke cewa, su kuwa gari biyu ne, kowa da halinsa. Jimeta kasuwa ce da ofisoshi da hayaniya, Hausa da Turancin kasuwa a cakuɗe. Yola kuwa ko keke ya shiga sai ka ji kamar ya rage murya. Magariba ta riga ta yi, na ga bai dace in faɗa gidan da ba a san fuskata ba da duhu, na ce ya kai ni masauki. Ya kai ni wani a Nassarawo, ɗaki mai tsabta da fanka mai juya iska mai zafi daga wannan bango zuwa wancan. Ku da kuke tambayar zafi, na yi wanka na fito ban san inda ruwa ya tsaya gumi ya fara ba.

Da safe na sha kunun gyaɗa a bakin titi. A nan kam sun fi mu, ba gardama. Namu na Kano in an kai shi can, sai dai a ce ruwan wanke tukunya ne.

Gidan Kawu yana Yolde Pate, can bakin gari. Wadda ta fito da na yi sallama babbar 'yarsa ce, Adda Mairo, ta girme ni da shekara biyu ko uku, mijinta ya rasu ta dawo tana kula da uban. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne sai ta dafe ƙirji, ta yi Fulatanci mai tsawo, na tsaya ina murmushi kamar gunki. Ta gane.

"Kai! Ɗan Goggo guda bai iya ko jam, amsar gaisuwa, ba? Kaɗo ne aka aiko mana. Shigo, bawana, shigo."

Taubasai muke, 'yar kawu da ɗan goggo, saboda haka tana da iko, kuma ta yi amfani da ikonta har na bar garin.

Kawu dogo ne, siriri, fari kamar Dada, har yadda yake karkata kai in ana magana irin nata ne. Yana zaune a kan buzu, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Dada ce ta aiko ni da saƙo, na sa hannu a aljihu. Ya ɗaga tafin hannu ya tsayar da ni. Ya tambayi hanya, ya tambayi Kano, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina. Sannan ya sake farowa daga hanya. Aka kawo nono, aka kawo tuwo da miyar ganye, aka yi azahar. Na sake kai hannu aljihu, Adda ta harare ni. Da muka fito ta ce, "Ku mutanen Kano ko gaisuwa da ciniki kuke haɗawa. A gidan nan baƙon da ya zo da magana mai nauyi, ranar farko gaisuwa ce kawai. Maganar sai gobe." Na gaya mata halin da Dada take ciki, ta yi kuka, ta shiga ta gaya masa. Duk da haka sai gobe.

Washegari bayan an karya ya sa aka kira ni. Ya ce wa Adda ta fita ta ja ƙofa. Na miƙe zan bi ta, ya ce da Hausa, "Kai zauna. Ai ba ka jin Fulatanci." A nan na gane dalilin da ya sa duk cikin dangi ni aka aiko.

Na sa memorin a rediyo. Wa'azi ya fara. Na danna gaba, wani wa'azin. Na danna, na danna, sai rediyon ya yi ƙara kamar ana soya ƙwai ya tsaya cak. Na cire na hura na mayar, haka. Kawu yana kallona, rediyon kuma yana nan a tafin hannunsa, ya kusantar da shi kunne. Na sa memorin a wayata. Ta nuna giga sittin da huɗu, fiye da hamsin babu komai a ciki. Ga sunayen saƙonnin nan tara a jere. Na taɓa na tara, shiru. Na taɓa na takwas, waya ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Na cire memorin. Ban ƙara taɓa komai ba, na ce wa Kawu ɗan gyara ne, yanzu zan dawo.

A layin masu waya na Jimeta, na farkon da ya tare ni wani ne mai jar hula. Ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Oga, na small thing. I go format am, zai dawo sabo." Har ya zura shi a kwamfuta. Allah ya sa na tambaya, fomat ɗin nan me yake yi? Ya ce zai wanke shi tas. Na ce da abin da ke ciki? Ya ce ai shi ne wankin. Ban san sanda na kama hannunsa ba. Na karɓi abuna, na shiga tambayar shagon matar da ta ce hmm.

Shagon ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kwamfuta biyu, da kalanda mai hoton coci. Na gaya mata komai. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce kafin a taɓa memori sai an kwashe duk abin da ke cikinsa zuwa kwamfuta, mai kyau da marar kyau. Ta yi haka. Sannan ta shiga buɗe saƙonnin ɗaya-ɗaya daga na ƙarshe. Ta juyo mini da kwamfutar in gani. Kowanne yana da suna, yana da ranar da aka ɗauka, yana da tsawonsa, wani minti arba'in, wani fiye da awa. Cikinsa kuwa sifili ne a jere, shafi bayan shafi.

"Alhaji, memori nan ƙarya ne. An koya masa ya ce shi sittin da huɗu ne. Ka san kwanon awo da aka buga wa gindi? A ido babba, a ciki kaɗan. In ya cika ba zai ce ya cika ba. Kana zubawa yana cewa na karɓa, yana rubuta suna, abin kuma yana zubewa a ƙasa."

Na ce to ai murya ba ta da nauyi, me zai cika shi? Ta duba jerin ranakun, ta sa yatsa a wani wuri.

"Nan mama naka ya yi magana na farko. Bayan kwana biyu, wani ya zuba wa'azi mai hoto, da yawa. Waye?"

Ni ne. Na tuna ranar sarai. Na ga wuri zaune ba a amfani da shi, na ce bari in yi wa Dada alheri, na ari memorin na kai wa masu tura abubuwa a waya suka zuba mata tafsiri na wata guda, mai hoto, duk da wayarta ko hoton ba ta nunawa da kyau. Na mayar mata ina jin na yi abin lada. Tun daga ranar, duk abin da ta rufe ɗaki ta faɗa, a iska ta faɗe shi. Na tambayi Madam Rifkatu ko akwai wata na'ura a Legas ko a waje da za ta dawo da su. Ta ce abin da aka goge akan iya dawo da shi wani lokaci, amma abin da bai taɓa shiga ba, ba mai dawo da shi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na zauna a benci.

Ta taɓa na farkon. Muryar Dada ta fito, tana gyaran murya, tana tambaya da Hausa ko abin ya fara ɗauka. Wata huɗu rabona da jin muryar nan. Na ce ta kashe, ba namu ba ne. Ta kashe.

Sauran aikin haƙuri ne. Ta ce za ta sa kwamfuta ta cika memorin da lambobi tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta su, inda lambobin suka daina dawowa daidai nan ne iyakar gaskiyarsa. Abin ya ɗauki awanni. Ta ce, "An kira salla, Alhaji, ka je, memori ba zai gudu ba." Na je na yi azahar, na ci shinkafa da kifin da ban ji ɗanɗanonsa ba, na dawo. Wajen la'asar sakamako ya fito, giga huɗu ma bai cika ba. Ta yanke shi daidai nan, ta rufe sauran wurin ƙaryar yadda ba abin da zai sake faɗawa ciki, ta wanke shi, ta mayar da saƙon farko shi kaɗai. Na sa a wayata, ya nuna uku da ɗigo bakwai. Ta ce yanzu zai yi aiki, amma kada in sake ba shi amanar abin da ba ni da kwafinsa. Ta tura wani kwafin a wayata, ta goge na kwamfutarta a gabana.

A keke ina ta shirya yadda zan faɗa wa Kawu. Na yi tunanin in ce dama guda ɗaya ne. Da na zauna a gabansa na kasa, na faɗi gaskiya da ƙarfi a kunnensa, har da tafsirin. Ya ce in sa. Minti goma sha ɗaya ne. Ya kanga rediyon a kunne, ya rufe ido. Ban ji abin da take cewa ba, amma na ji sunaye suna wucewa, na ji Mairo, na ji jam, jam, jam. Can sai na ji Kawu yana amsawa a hankali, kamar tana zaune a gabansa. Da ya ƙare ya ajiye rediyon a cinya.

"Gaisuwa ce," ya ce. "Ta gai da ni, ta gai da gida, har da waɗanda ba ta san sun mutu ba. Ta ce maganar sai gobe."

Wato ko a gaban waya, ita kaɗai a ɗaki a Kano, Dada ba ta yarda ta fara da maganar ba. Ranar farko gaisuwa ce. Goben kuma ni na cinye ta da tafsiri.

Na ce ko zai yi magana in ɗauka in kai mata, yanzu memorin yana riƙe abu. Ya girgiza kai. Ya kira Adda ya yi mata Fulatanci, ta yi gardama, ya maimaita, ta haƙura. Ta juyo ta ce mini, "Kaɗo, ka jawo mana. Wai in haɗa masa kaya."

Mutumin da aka ce ya shekara goma bai wuce Jimeta ba, shi na ɗauko zuwa Kano, da Adda da butarsa da buzunsa. Na karɓar masa kujerar gaba. Bai ci komai a hanya ba sai dabino da ruwa, bai yi ƙorafin rami ko ɗaya ba. Rediyon yana kunnensa tun daga Numan, in minti goma sha ɗayan ya ƙare ya miƙo mini baya in mayar masa farko. Batir ya mutu a Gwambe na sayi wani. Ni kuwa abu ɗaya ke cina duk tsawon hanyar, yadda zan dubi Dada in ce mata wata biyun da ta yi tana magana ba wanda ya ji, kuma ba wanda zai ji.

Mun shiga gida ana kiran la'asar. Dada tana jingine da matashin kai. Ta ga Adda ba ta gane ta ba, sai ta ga wanda ke bayanta. Ba ta yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa kusa da gadon, ya zauna, ya fara gaisuwa. Ya daɗe yana yi, tana lumshe ido a duk inda ya kamata ta amsa. Ina tsaye a bakin ƙofa.

Da ya tsaya sai ta ɗaga hannun hagu, ta nuna rediyon da ke cinyarsa. Ta buɗe yatsu biyar, ta rufe, ta buɗe huɗu. Ta tsare shi da ido. Na buɗe baki zan yi magana. Kawu ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, sannan ya juya wurinta. Duk zaman nan da Fulatanci yake mata magana, amma wannan da Hausa ya faɗa, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne.

"Duka tara na ji. Ya wuce, Aminatu. Ni ma ki yafe mini."

Ta sauke hannun a hankali. Can ta sake ɗaga shi ta yafito ni. Na zo na durƙusa, ta ɗora tafin a kaina, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Albarkar ɗan aiken da ya kai saƙo take sa mini, na sunkuyar da kai na karɓa.